Kuɗin kai yara gidan tarihi da kawo mai zane makaranta: ilimi ne ko tatsa?

Maman_Hanan: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Jiya Hanan ta dawo da takarda daga makaranta, wai a zangon nan za a kai 'yan ajinsu gidan tarihi na Onikan, daga can a wuce da su gidan zane-zanen Nike a Lekki. Bayan haka wai sun gayyato wani mai zane zai zauna da su sati biyu, kullum bayan an tashi su yi aiki tare, a ƙarshe a baje abin da suka yi iyaye su zo su gani. Duka dubu ashirin da biyar. Babanta ya karanta takardar, ya ninke ta ya ajiye a kan talabijin, ya ce sabuwar hanyar tatsa ce, yarinyar da lissafi ke ba ta kashi me za ta yi da fenti. Ni kuma tun da na ga yadda ta cika bayan littattafanta da zanen lalle na rasa ta cewa. Wa ya taɓa biyan irin wannan? Akwai abin da yaro ke tsinta, ko yawo ne kawai?

Alhaji_Mile12: Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki ya yi gaskiya. Ki ɗauki kuɗin ki samo mata mai lesin ɗin lissafi. Mu babu wanda ya kai mu kallon gumaka, kuma ga mu Allah ya rufa asiri.

Baban_Khalifa: Ni na biya bara, kuma har gobe ina jin haushi. Ba zan kira sunan makarantar ba. Ƙarfe bakwai aka ce motar za ta tashi daga Agege, ba ta tashi ba sai tara saura. Gosulo ya riƙe su a hanya, sai wajen azahar suka isa. Malaman suka kora yaran kamar awaki, shiga nan fita can, ko minti arba'in ba su yi a ciki ba, sai aka kwashe su zuwa wani babban kanti shan askirim. Da daddare na ce Khalifa, me ka gani? Ya yi shiru ya ce, "Baba, wajen akwai sanyi." Sanyin na'ura na saya da kuɗina.

UmmuSalma_IdiAraba: 😂😂 Wallahi Baban Khalifa ka gama da ni. Akwai sanyi!

Malama_Rabi: Maman Hanan, ni darasin CCA, wato al'adu da fasahar zane-zane, nake koyarwa a ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, don haka bari in tsoma baki. Abin da ya sami Baban Khalifa gaskiya ne, yana faruwa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Fita da yara ba ta da amfani sai an shirya ta tun a aji. Ni sati biyu kafin tafiya nake fara musu labarin abin da za su gani. Ranar tafiya kowane yaro da ɗan littafinsa da fensir, kuma ina da doka ɗaya: ka zaɓi abu guda, ka tsaya a gabansa minti goma, ka zana shi ko da zanen zai fito kamar kaza ta yi tono. Ba kyan zanen nake nema ba. Yaron da ya zana tulu dole ya lura wuyansa ya fi gindinsa siranta, dole ya ƙirga layukan da ke jikinsa. Wannan kallon ne ba a koya musu a gaban allo.

Shi kuma zaman mai zanen, in da gaske za a yi shi, ya fi tafiyar daraja. Mu malamai sau da yawa bayani muke yi, minti arba'in ƙararrawa ta kaɗa. Shi kuwa a gabansu zai yi aikinsa. Za su ga ya ɓata, ya goge, ya sake. Yaranmu sun taso da tsoron jan biro, gani suke kuskure abin kunya ne. Ranar da suka ga babban mutum da gemunsa ya yaga takardar da ya yi awa yana yi, ya ɗauko wata ba tare da ransa ya ɓaci ba, wani abu yana kwancewa a zuciyarsu.

Ki je makarantar ki tambaye su abu uku: wane ne mutumin, a nuna miki aikinsa, yara nawa ne a hannunsa a lokaci guda, kuma kayan aiki na cikin kuɗin ko sai an sake aiko takarda.

Alhaji_Mile12: Malama, ke ai dole ki yabi tuwonki.

Malama_Rabi: Alhaji, ko sisi ba ya shiga aljihuna. Ni ce ma nake dawowa da ciwon kai da muryar da ta dushe.

Tsohon_Soja_Obalende: Ku bar zancen fenti tukuna. Wa ya san motar Janar Murtala tana cikin gidan tarihin nan na Onikan? Baƙar Marsandin da aka harbe shi a cikinta ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, tana nan da hujin harsashi a jikinta. Ni ina Ikko lokacin da abin ya faru, ina saurayi. Da na kai jikokina, babban ya tsaya ya kasa magana, ya dinga leƙen kujerar baya. A makaranta an sha gaya masa sunan Murtala, a filin jirgi ma sunan ne, amma sai ranar ya gane mutum ne mai jini da tsoka. Gani ya kori ji. Gidan nan tun 1957 yake, kuma daga nan Obalende da ƙafa ma kana iya zuwa, amma in ka tara Hausawan unguwar nan ka ce wa ya taɓa shiga, kunya za ta kama ka.

UmmuSalma_IdiAraba: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shekarata goma sha huɗu a Legas ban taɓa sanin motar tana nan ba.

Ustaz_Abu_Fatima: Assalamu alaikum. Kafin a yi nisa, akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim a kan tsananin azabar masu yin surar abu mai rai. Wuraren nan cike suke da mutum-mutumi, wasunsu ma abubuwan bauta ne na mutanen da. Ni ban ga dalilin da za mu biya kuɗi a kai yarinya musulma ta tsaya gaban gunki minti goma tana zana shi ba. Ku yi mini afuwa Malama.

Malam_Zayyana: Allah ya gafarta Malam, hadisin gaskiya ne, babu mai ja. Amma a cikin littattafan nan biyu akwai labarin mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin hoto yake ci, sai ya nuna masa ya koma yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke nan ba a rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Ni almajiri ne, a tsangaya na tashi, kuma zayyana nake yi wa masu sauka a nan Agege. Da gawayi da ƙaro muke haɗa tawada, alƙalamin gamba muke fiƙewa. Allon sauka guda ɗaya yakan ci mini kwana uku: in raba shi gida-gida, in daidaita kowane kusurwa da ido, ba rula ba komai, sannan in shiga da ja da kore da rawaya. In wannan ba fasaha ba ce, mece ce? Ku dubi rubutun Sharif Bala na Kano da muka tashi muna karatu da shi. Damuwata ita ce yaranmu da aka haifa a nan, in an ce zane, fuskar mutum kawai suke tunani, saboda shi suke gani a waya. Ba wanda ya taɓa ce musu allon da ke rataye a ɗakin kakansu ma aikin gwani ne.

Ustaz_Abu_Fatima: A kan zayyana da rubutu ba ni da magana, Malam. Maganata mutum-mutumi.

Malama_Rabi: Ustaz, ana samun mafita. Ina da yaran da iyayensu suka gaya mini haka, kuma ban taɓa tilasta su ba. Akwai tukwane, akwai saƙa, akwai ƙwarya, akwai ƙofofi. Yaro ya zaɓi nasa. Kallo kuwa don sanin tarihi, wannan na bar wa ku malamai.

Tsohon_Soja_Obalende: Ai an ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Ni a haka na ɗauke shi. Allah shi ne masani.

DanKura_Marini: Tun da an ambaci gidan Nike bari in ba ku labari. Ni gidanmu marina ne a Kura, kakana da babana duk hannunsu shuɗi ne har suka koma ga Allah. Ni na gudu, ina sayar da atamfa a Balogun. Wata rana na raka wani baƙo Lekki muka shiga gidan nan, bene ne hawa-hawa cike da zane tun daga ƙasa har sama, kuma ban biya komai a ƙofa ba. Abin da ya tsayar da ni adire ne. Na ga yadda ake dama ƙullun rogo, a ɗauki gashin kaza a zana a kan farin yadi, a bar shi ya bushe, a tsoma a baba, a wanke, sai inda ƙullun ya taɓa ya fito fari. Wani kuma ɗaurewa ake yi, wani a ɗinke, kamar dai yadda matan Kano ke ɗaure mana mu rina. Bambancin, a ƙasar Yarbawa mata ne ke rini, a cikin manyan tukwane, kuma ganyensu shi muke kira talaki. Mu kuwa maza ne, a karofi, rami mai zurfi a ƙasa, da baba da toka da katsi, a bar shi kwanaki ya nuna ana motsa shi da muciya. Kuma duk wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda ba: yadin da ka tsamo ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake, sai iska ta buge shi yake juyewa a gaban idonka. Ka mayar, ka tsamo, ka mayar, har ya yi baƙin da kake so, sannan a kai wa masu bugu su fito masa da ƙyalli.

Na tsaya a wajen nan ina kallon 'yan makaranta sun zagaye wata mata tana nuna musu, wallahi sai da hawaye ya zo mini. Abin da na guda ina jin kunyarsa shi ake ɗauko yara a mota su zo su koya. 'Ya'yana uku babu wanda ya san warin karofi. Maman Hanan, ki biya.

BaZazzagi: Ɗan Kura, kar dai ka shafa wa labarin nan shuni 😄

DanKura_Marini: Shunin ai namu ne, in na shafa ban ci bashin kowa ba.

Abba_Yabatech: Salam iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a sashen zane na Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, kuma a ajinmu kaf ni kaɗai ne Bahaushe. Abin da ke ba ni mamaki: malamanmu a nan kullum Zariya suke ambata. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Suka ce za su karɓi dabarar Turawa, amma abin da za su zana daga gida za su ɗauko shi. Uche Okeke ya koma kan zanen uli na matan Ibo. Grillo ɗan Legas ne, ya dawo ya shugabanci sashen zanenmu shekaru masu yawa, ya rasu a 2021. Wato 'yan Kudu ne suka hau jirgin ƙasa suka tafi ƙasarmu neman wannan ilimin, suka dawo suka zama manya. Mu kuma yau muna zaune a Legas muna tambayar ko ya kamata yaro ya je Onikan.

Anti Maman Hanan, zanen lallen da Hanan ke yi ba wasa ba ne. Daidaita hagu da dama, maimaita fure ba tare da ya karkace ba, mu zango guda muka yi ana koya mana shi.

BaZazzagi: Yauwa ɗana, faɗa musu. Zazzau ce uwar abin. Kafin ma Turawa, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara, da bakan gizon da masu karatun gine-gine suka daɗe suna zuwa kallo. Kanawa sai dai ciniki.

DanKura_Marini: Marinar Ƙofar Mata tun 1498 ake lissafa ta. Lokacin ina masallacin naku?

UmmuSalma_IdiAraba: To fa, an koma Kano da Zazzau. Baiwar Allah tambaya ta yi a kan dubu ashirin da biyar.

Alhaji_Mile12: Abba, tambaya ɗaya. In ka gama, wa zai ɗauke ka aiki? Da zanen za ka yi aure?

Abba_Yabatech: Baba Alhaji, tun yanzu ina biyan kuɗin makarantata da zanen tambarin shaguna da kwalayen turare a kwamfuta. Ba na cewa kowa zai yi arziki. Yawancin abokaina suna shan wuya, fenti ya yi tsada, masu saye kaɗan ne kuma duk suna Ikoyi da Lekki. Amma a 2018 an sayar da zane ɗaya na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2. Shi ma kuma wani malami baƙo ne ya gano shi yana ɗan makaranta, Kenneth Murray, wanda ya zo koyar da zane a 1927, shi ne kuma ya kafa gidan tarihin da ake maganar kai su Hanan.

Alhaji_Mile12: Mutum ɗaya cikin miliyan nawa? Tumatir kullum ana ci.

Hajiya_Yar_Suleja: Alhaji, zaro naira ashirin daga aljihunka in har yanzu kana ganinta. Gaba Janar Murtala ne da Baba Soja ya ambata. Juya bayan. Matar nan da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, ba ta yi boko ba. A wajen wata 'yar uwar iyayenta ta koyi ginin tukunya tana yarinya. Wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tulunanta a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, Abujar da, wadda yau ita ce Suleja garinmu. Ya buɗe wajen koyar da ginin tukwane a can, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. Ta koyi juya tukunya a kan faifan inji da gashi mai zafi da shafe mai ƙyalli, amma ba ta yar da zanenta na gida ba, ƙadangare da kifi da kunama da kada. Ta je Ingila, ta je Amurka tana gina tulu a gaban jama'a, jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Kakata ta gan ta da idonta. To in ba don baƙo ya zo ya zauna a garin ba, ita kuma ta fita ta ga duniya, da tulunta ya tsaya a randar gidan sarki. Shi ma kuma Baturen ya koya a wajenta, ba ita kaɗai ta ƙaru ba.

Mai_Hula_Zango: Duk na karanta. Ni tambayata, me ya sa in an ce baƙon mai fasaha sai an ɗauko wani daga Lekki mai gashi a murɗe? Ni shekara ashirin da shida ina ɗinkin hula a Agege. Kafin allura ta taɓa yadi sai an zana, gida-gida, in ka kuskure zare ɗaya a ƙirga, hular ba za ta haɗu a baya ba. Ƙube mai kyau sati uku ne zuwa wata. Ga masu aska takwas da aska biyu a babbar riga, ga dukawa, ga masu faifai. Duk muna nan bayan katangar makarantun.

An taɓa kirana wata makaranta ranar al'adu. Na rufe rumfata, na kwashi zare da allurai da huluna goma. Aka zaunar da ni a kan tabarma a gefen fili kamar kayan ado, yara na wucewa ana ɗaukar hoto da ni. Ba wanda ya ce in koya wa kowa komai. Da yamma aka miƙo mini shinkafa a roba da kuɗin mota. Wani yaro ɗaya ne, Bayarabe ma, ya tsuguna ya ce in ba shi allurar ya gwada. Ya soke yatsa sau biyu bai tashi ba. Shi kaɗai nake tunawa.

Malama_Rabi: Malam Mai Hula, wannan maganar ta soke ni, don mu ma mun taɓa yin irinta. Wuni ɗaya biki ne kawai. In da za a ba ka yara goma sha biyar, awa ɗaya kullum har sati biyu, a biya ka kamar yadda za a biya na Lekkin, me za su iya?

Mai_Hula_Zango: Hula ba za su gama ba. Amma kowa zai fita da ƙyalle mai faɗin tafin hannu da ya zana da kansa ya cike da kansa. Kuma zai iya zama wuri ɗaya, wanda yaran yanzu ba su iya ba.

Abba_Yabatech: Baba Mai Hula, sati biyu ba kaɗan ba ne. A Osogbo a 1964 wata Baturiya mai zane, Georgina Beier, ta tara samari na 'yan kwanaki kawai ta ba su fenti da takarda. Cikinsu akwai mai zanen da ake kira Twins Seven-Seven, da Jimoh Buraimoh wanda a lokacin mai haɗa wutar fitilun 'yan wasan kwaikwayo ne, daga baya ya shahara da zane da duwatsun ado. Kuma tsarin saukar da baƙo ya zauna ya yi aiki akwai shi a Legas yanzu: shahararren mai fasaha Yinka Shonibare ya buɗe gida a Oniru a 2022 don haka, da gona a wajen Ijebu Ode. Marigayiya Bisi Silva ma ta buɗe cibiyar zane-zane mai ɗakin karatu a Sabo Yaba tun 2007. Manya suke saukarwa, ba 'yan sakandare ba, amma tunanin ɗaya ne. Abin da babu shi ne mai haɗa su da irinku.

Umman_Biyu: Ni ba kuɗin ne damuwata ba. 'Ya mace, daga Agege zuwa Lekki da dawowa a rana ɗaya, ƙarfe nawa za su iso gida? Malamai mata nawa ne a motar? A ina za su yi azahar da la'asar? Sannan bayan tashi a bar 'yan mata da namiji baƙo har sati biyu, wa ke zaune a ajin? Maman Hanan, ki ƙara waɗannan a kan tambayoyin Malama, kuma kar ki yarda da "ba matsala" a baki.

Direba_Sani: Umman Biyu ta faɗi gaskiya. A matsayina na mai tuƙi, Onikan da Lekki a rana ɗaya daga Agege haɗama ce. Ɗaya za a gani da kyau, ɗayan a leƙa. In ni ne, Onikan kaɗai ta isa wuni: gidan tarihi, ga cibiyar John Randle ta al'adun Yarbawa a kusa, ga Freedom Park da yake tsohon kurkukun Turawa, sannan a yi salla a masallacin Shitta-Bey da aka buɗe tun 1894, yara su ga ginin da ya ɗauko salon waɗanda suka dawo daga Brazil. Kuma iyali ma za su iya da kansu. Jirgin ƙasan nan ja yana tsayawa a Agege, ka sauka Oyingbo, ka hau mota ɗaya.

Baban_Khalifa: To ai ka ji. Da kuɗin da na ba su da na kai gidana kaf har da surukata.

Malama_Rabi: Za ka iya, kuma ina ma iyaye suna yi. Amma gaskiya nawa ne za su yi? Asabar biki, Lahadi Islamiyya da wanki. Yawancin yarana in makaranta ba ta kai su ba, har su gama sakandare ba su tsallaka gada ba.

Ustaz_Abu_Fatima: Ni dai ina nan a kan bakata game da mutum-mutumi. Amma in Islamiyyarmu za ta samu Malam Zayyana ya zauna da 'yan sauka sati biyu kowa ya yi wa allonsa da hannunsa, maimakon mu ba da kwangila, wannan zan kai wa kwamiti da kaina.

Malam_Zayyana: Allah ya gafarta Malam, kana so ka kashe mini kasuwa ke nan 😄 Na yarda, amma su zo da allunansu a wanke, kuma a nemo ƙaro mai kyau, na nan garin duk gari ne.

Maman_Hanan: Na gode ƙwarai 'yan uwa, ban zaci abin zai kai haka ba. Yau da safe na je makarantar da tambayoyin Malama Rabi da na Umman Biyu a rubuce a bayan takardar. Mai zanen ashe mace ce, adire da zanen yadi take yi, an nuna mini aikinta a waya. Yara talatin ne, za a raba su gida biyu. Kayan aiki na ciki, ban da farin yadi da kowa zai kawo. Maganar salla shugabar ta yi shiru, ta ce ba su yi tunaninta ba, za su duba. Maganar wuri biyu a rana ɗaya kuwa ta ce an riga an yi ciniki da mai mota. Na tambaya ko zan iya biyan na zaman mai zanen kawai in bar tafiyar, ta ce a haɗe suke.

Na karanta wa babanta abin da Baba Soja ya rubuta. Bai ce komai a kan kuɗin ba, sai ya ce wai da gaske motar Murtala tana nan?

Alhaji_Mile12: An gama da shi ke nan. Ni dai na faɗa, lissafin nan yana nan yana jiranta.

Tsohon_Soja_Obalende: Ki ce masa ya zo Obalende ranar Asabar in raka shi da kaina.

Umman_Biyu: A haɗe suke? To ni a nan ne zan tsaya. In sauran iyaye suka haɗa baki za a raba.

DanKura_Marini: Hajiya, farin yadin ki tabbata auduga ce zalla, mai roba ba ya shan baba. Ki wanke shi sau biyu kafin ta kai, sitacin kamfani ya fita. In ba ki samu a Agege ba ki yi mini magana.

Mai_Hula_Zango: Malama Rabi, maganar yara goma sha biyar ɗin nan, da gaske kike ko misali kika bayar?